Wai yaron ya san kwamfuta

Saura kwana shida a rufe makin zango, a tsakiyar zafin watan Maris, wani abokin aikina ya shigo ɗakin malamai da kwamfutarsa a hammata, fuska a murtuke. Dattijo ne, ya riga ni shiga aikin da shekara fiye da goma, lissafi yake koyarwa, aji huɗu ke hannunsa. Ya ajiye ta gabana ya ce, "Malam, duba mini, ban ga makin yara ba." Na kunna. Ta tashi da sauri kuwa, ban taɓa ganin ta tashi haka ba. Sai dai allon baƙi ƙirin ne, babu Excel, babu jakar da yake tara aikinsa tun watan Oktoba, babu komai sai alamomin wasanni uku a jere a gefe. Na tambaye shi wa ya taɓa ta. Ya ce ya je ƙauye gaisuwar mutuwa kwana biyu, ya bar ta gida, ɗansa na kolej ya ce ta yi nauyi, shi ne ya gyara ta. Sannan ya ƙara da maganar da ta sa na zauna rubuta wannan: "Ai ka san yaran yanzu, sun san kwamfuta, sun fi mu."

Na gaji da jin wannan magana. Ina jin ta a bakin malamai, ina jin ta a bakin iyaye mata a taron makaranta, ina jin ta a bakin alhazan da suka sayi na'ura mai tsada suka miƙa wa ɗan shekara 14 ba tare da sun tambayi komai ba. Ana faɗinta kamar yabo, alhali sauke nauyi ne. Babu uban da zai ba ɗansa makullin mota ya ce ya buɗe injin ya cire abin da ya ga dama, don kawai yaron ya kalli bidiyon kanikawa. Amma kwamfuta ɗaya tilo da ke gidan, mai ɗauke da makin ɗalibai ɗari biyu, da tambayoyin jarabawa, da hotunan takardun fili, ita ake miƙawa ido rufe.

Ga abin da yaron ya yi, don iyayen da ba su san ana yi ba. A YouTube da TikTok akwai bidiyoyi ba iyaka, da Faransanci da Turanci da Larabci, masu alkawarin cewa tsohuwar na'urarka za ta koma kamar sabuwa, wasa zai riƙa gudu sumul. Abin da yara ke nema shi ne FPS, wato yawan hotunan da ke wucewa a allo cikin daƙiƙa ɗaya. Idan sun yi kaɗan, ɗan wasan ƙwallo ya riƙa tsalle-tsalle kamar mai ciwon ƙafa, a wasan harbi kuma a kashe ka kafin ka ga wanda ya harbe ka. Wasu bidiyoyin suna koyar da kashe ayyukan Windows ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma suna cewa ka share Windows ɗin gaba ɗaya ka ɗora wata da wani ya fere, ya rage mata nauyi, ya saka a intanet kyauta. Sunayensu yara sun haddace fiye da karatun tarihi: Ghost Spectre, Tiny11 da ire-irensu. Wannan na biyun yaron abokina ya yi. Ya sauko da ita, ya zuba a kile, ya yi wa faifan formate, duk abin da ke ciki ya tafi.

Asarar fayiloli ita ce ƙaramar ɓarnar, domin ita ake gani. Babbar tana cikin abin da ake cirewa don a sami wannan sauƙin. Da yawa daga cikin waɗannan Windows ɗin da aka fere suna zuwa babu Defender, mai gadin da ke kama ƙwayoyin cuta. Suna zuwa an toshe hanyar sabuntawa, abin da muke ce wa mizajur. Sau da yawa an kashe ƴar tagar nan da ke fitowa ta tambaye ka ko ka yarda wata manhaja ta canza wani abu a na'urar, an kashe abin da ke ba ka damar komawa baya idan an yi kuskure. Wasu har kariyar da aka yi wa raunin furosesa guda biyu da aka bayyana a Janairun 2018, Spectre da Meltdown, suna kashewa, don tana ɗan rage gudu. A ta abokina har hidimar buga takardu an cire, shi ya sa da muka haɗa ta da na'urar bugawa ta ofis ko motsi ba ta yi ba. Mutum ne ya ji ɗakinsa ya yi zafi, sai ya ciro ƙyauren gida, ya sallami mai gadi, ya kwanta yana murnar iska na shigowa. Iska kam tana shigowa.

Mutane suna raina mizajur saboda ba su ga abin da take hanawa. A ranar 12 ga Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitoci sun soke ganin likita da tiyata har kusan 19,000. Abin takaicin shi ne, Microsoft ta riga ta fitar da maganin ramin da cutar ta bi tun watan Maris na wannan shekarar, wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma yaranmu da hannunsu suke tsaga bangon, suna kiran abin gyara.

Na san abin da wani zai ce: wa ya damu da kwamfutar malamin lakwal a Maradi, me ke cikinta da ɓarawon Turai zai so? Ƙwayar cuta ba ta tambayar albashinka. Kuma mu malamai mun fi kowa sanin yadda take yawo, domin kile ɗaya ce ke zagaye gari: daga kwamfutarka zuwa ta sakatare, zuwa shagon buga takardu na bakin kasuwa, zuwa ta abokin aikinka da ya ari tsarin darasi. Waye a cikinmu bai taɓa buɗe kile ya tarar duk jakunkunansa sun ɓace sun bar ƴan alamomi masu kibiya ba? Na'ura ɗaya marar mai gadi ta isa ta shafa wa makaranta guda. Ban da wannan, akwai kalmar sirrin Facebook da ta imel da ke ajiye a cikinta. Duk mun taɓa samun saƙo daga asusun wani mutumin kirki yana roƙon a tura masa kuɗi cikin gaggawa, daga baya a ji ba shi ba ne.

Sannan tambayar da yara ba su yi: wa ya fere wannan Windows ɗin, kuma don me yake rabawa kyauta? Ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba, ba ka da hanyar ganin abin da ya cire, balle abin da ya ƙara. A 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na Rasha, Doctor Web, ya gano wasu Windows 10 na sata da ake rabawa a intanet an ɓoye musu manhajar da ke karkatar da kuɗin intanet na mai na'urar zuwa aljihun wani, kuma an ɓoye ta a wani sashe na faifan da masu kama cuta ba su cika leƙawa ba. Ban ce duk mai fere Windows ɓarawo ne ba. Akwai irin su AtlasOS da ke baje abin da suke canzawa a fili, kowa ya karanta. Amma yaron da ke danna mahaɗin da ke ƙasan bidiyo da ƙarfe ɗayan dare ba ya bambance wannan da wancan, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

To a ce ma mun yarda da duk wannan haɗari. Saurin da ake nema, ana samunsa?

Kaɗan, kuma ba a inda yaron ke zato ba. Gaskiya ne idan na'ura tana da RAM giga 4 kacal, rage abubuwan da ke gudana a ɓoye yana sa ta ɗan numfasa, ta tashi da wuri, taga ta buɗe da wuri. Microsoft da kanta ta taɓa faɗa a 2022 cewa akwai wasu kariya biyu a Windows 11 da kan rage wa wasanni gudu, ta nuna yadda ake kashe su, ta kuma ce a mayar da su idan an gama wasan. Wannan kashi na biyun ba na jin sa a bidiyoyin. Amma nauyin wasa yana kan katin hoto ne da furosesa. Kwamfutocin da ke hannun yawancinmu na gwanjo ne, tsofaffin Dell da HP da Lenovo da wani ofishin Turai ya gama da su, an ƙera su don rubuta wasiƙa da lissafi, ba su da katin hoto na daban. Ko ka fere Windows har ƙashi, na'urar da aka yi don Word ba za ta ɗauki GTA V yadda yaron ya gani a bidiyo ba, domin mai bidiyon da wata na'urar yake nunawa. Aske wa jaki gashi ba ya mai da shi dokin sukuwa. Kuma allon yawancin waɗannan na'urori hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, ko lambar da ke kusurwa ta ce 200.

Game da manhajojin da ake kira masu wanke na'ura da masu ƙara gudu, nan ba zan ɗaga murya sosai ba, don ni ma na sha wannan ruwan. Shekarun baya, ina sabon mallakar kwamfuta, kowace Juma'a sai na danna wata manhaja ta ce mini ta gano matsaloli ɗari da wani abu ta gyara, ni kuma in ji daɗi kamar wanda ya share tsakar gida. Ban taɓa auna ko wani abu ya canza ba. Daga baya na gane Microsoft ta daɗe da cewa ba ta goyon bayan masu wanke rajistar Windows. A 2017 ma shahararriyar cikinsu, CCleaner, ɓarayi suka kutsa cikin kamfanin suka cusa mata cuta, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyarta ta gaskiya. Mai shara ya shigo da datti.

Abin da ke kashe wa kwamfuta gudu a ƙasar nan, yawancinsa ba a cikin Windows yake ba. Ƙura ce da zafi. Mai bidiyon yana zaune a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa, bai san hunturunmu ba, bai san Afrilun da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa ba. Furosesa idan ta yi zafi ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa wasa ke fara kyau, bayan minti goma ya fara sarƙewa. Da muka kwance bayan kwamfutar abokina, abin da muka ciro daga bakin fanka kamar audugar katifa yake, ja-ja, ya toshe hanyar iska ɗif. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli. Yaron kuma a kan katifa yake ɗora ta, ramukan iskar duk a danne. Shekara nawa tana shaƙewa, ana zagin Windows.

Na biyu shi ne faifan ajiya. Tsofaffin na'urori suna da faifai mai juyawa, wanda ke karanta wajen mega 100 a daƙiƙa idan ya yi ƙoƙari. SSD ta talaka tana kai wajen 500, kuma wajen neman ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa canza wannan abu ɗaya ya san na'urar kan zama wata daban. In an ƙara RAM ta kai giga 8, an gama yawancin maganar. Saura kuma Windows da kanta ta tanadi wurinsu ba tare da an fasa komai ba: ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga manhajojin da ke tashi da na'urar, ka hana waɗanda ba ka buƙata, ka rage ƙyale-ƙyalen allo, ka cire tarkacen da ba ka amfani da su, yanayin wasa kuma yana cikinta tun 2017. Duk waɗannan ana iya mayar da su yadda suke cikin minti ɗaya. Su bidiyo ba ya tsayawa a kansu, don ba su da ban mamaki, kuma mai bidiyon da yawan masu kallo ake biyansa.

Ba zan wanke Microsoft ba, domin masu fere Windows ba daga sama suka faɗo ba. Windows 10 ta fito a 2015, kamfanin ya daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista. Windows 11 da ta fito a 2021 ta gindaya sharaɗi: sai na'ura tana da guntun tsaro TPM 2.0, furosesar Intel kuma sai daga zuriya ta 8 zuwa sama. Ka shiga kasuwa ka duba na'urorin gwanjo, da yawansu zuriya ta 4 ne zuwa ta 7, lafiyarsu ƙalau, amma an rufe musu ƙofa. Wanda ya yanke wannan hukunci bai yi tunanin malamin da ya tara kuɗin wata shida kafin ya sayi tasa ba. Haka kuma mizajur na cin mega kamar fara a gonar gero, ga mutumin da ke sayen mega da ƙididdiga. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganar mega tana da magani a cikin saitin: ka nuna wa Windows cewa layinka na awo ne, ta daina sauke manyan kaya sai ka sami wifi. Na'urar da Windows 11 ta ƙi kuma akwai Linux Mint, kyauta ce, an san masu yin ta, tana samun sabuntawa, tana da abin rubutu da na lissafi da ke buɗe fayilolin Word da Excel. Wasu wasannin ba za su tashi a kanta ba. Ga kwamfutar da ke ɗauke da makin yara, ni ban ga aibu a nan ba.

Masu gyara na kasuwa ma suna da nasu kason. Ka kai na'ura ka ce ta yi nauyi, wani ba zai kwance ko ƙusa ɗaya ba, zai ɗauko kilensa ya zuba maka ferarriyar Windows, ya karɓi jika biyu, ka tafi kana sa masa albarka don ta tashi da sauri. Bai faɗa maka ya sallami mai gadi ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Akwai na kirki a cikinsu, na san wasu. Ana gane su da tambayar da suke fara yi: akwai abin da kake so a ajiye maka kafin in taɓa?

Yanzu in juyo kan ɗaya ɓangaren, don kada wani uba ya karanta wannan ya tafi neman bulala. Da abokina ya fahimci girman ɓarnar, yabo ya koma fushi nan take, ya rantse sai ya fasa wa yaron baki, kuma ba zai ƙara taɓa kwamfuta ba har ya gama BEPC. Na ce masa, "Malam, jiya ka ce ya fi ka sani, yau ka ce ɗan banza ne. A duka biyun ba ka zauna da shi ba." Na sa aka kawo mini yaron. Ɗan shekara 14 ne da ya bi bayani cikin Turancin da ba a gama koya masa ba, ya shirya kile mai tayar da na'ura, ya shiga BIOS ya canza tsarin tashi, ya nemo direbobin sauti da na wifi da kansa. A ɗakin malamanmu mutum nawa za su iya wannan? Mu da a makarantu da yawa har yanzu a allo muke zana linzamin kwamfuta da alli, yara su kwafe, mu ba su maki. Wannan yaron yana da abin da muke kukan babu a aji: yana son ya san yadda abu ke aiki, har ya hana kansa barci.

Amma na yi masa tambaya uku. Me da me aka cire daga wannan Windows ɗin da ka saka? Ya ce abubuwan da ba su da amfani. Na ce kamar me? Shiru. FPS nawa kake samu kafin ka canza, nawa kake samu yanzu? Bai auna ba, ya dai ji kamar ta fi. Da abin ya lalace, ta wace hanya ka shirya komawa? Ya sunkuyar da kai. Ya iya bin umarni ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rasa shi ne ya san abin da zai iya lalacewa, ya auna kafin da bayan, ya ajiye kwafi kafin ya taɓa. Waɗannan kuwa ba sirrin kwamfuta ba ne. Su ne abin da malamin lissafi da na kimiyya ke koyarwa kullum, kuma ubansa ya fi shi saninsu nesa. Da ya tsaya a kansa minti goma ya yi masa tambayoyin nan, ko bai san mene ne BIOS ba, da makin suna nan.

Shi ya sa ba na karɓar uzurin "mu ba mu taso da ita ba". Ba mu taso da waya ba, ga shi muna tura kuɗi da ita. Abin da ake nema wurin babba bai taka kara ya karya ba. Windows tana ba da damar buɗe asusu iri biyu, na mai gida da na baƙo; ka riƙe na mai gida da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani, ka buɗe wa yaro nasa, ba zai iya ɗora manyan manhajoji ko kashe mai gadi ba sai ya zo wurinka. Hakan ba zai hana mai kile yin formate ba, shi ya sa aikin makaranta ba ya kwana a wuri ɗaya: kwafi a kile da ke cikin aljihunka, kwafi a imel ɗinka, duk ƙarshen mako. Daraktoci kuma, kusan kowace makarantar da ta taɓa samun kyautar kwamfutoci tana da gawarwakinsu jibge a wani ɗaki ƙura na ci. Ku fito da biyu ku ba irin waɗannan yara ranar Asabar, da malami ɗaya a kansu. Su kwance, su share, su ɗora Linux, su fere Windows in suna so, su auna zafi da gudu su rubuta a littafi, su lalata su gyara. A can ɓarna ba ta cin kowa.

Yaron abokina shi ya riƙe sukudireba ranar da muka share fankar. Da muka mayar da Windows ta gaskiya, da mai gadinta, ya gwada wasan ƙwallonsa a kan tebur, ya buga rabin awa bai sarƙe ba. Bai ce komai ba, sai kallon tulin ƙurar da ke kan jarida yake yi.

Makin kuwa, kafin mu ɗora komai sai da muka bi faifan da manhajar tono fayiloli, muka samo na aji biyu. Na sauran biyun sai da abokina ya sa ɗalibai su dawo da takardun gwajin da ya riga ya raba musu, ya kwana uku yana kwafa da hannu. Yara goma sha ɗaya ba su sami nasu ba, na wasu sun tafi wurin mai ƙosai. Dole aka sake musu gwaji a gurguje, ana gobe rufewa. A cikinsu akwai wata yarinya da ta ci 16 bisa 20 a na farko, ita ta tuna, shi ma ya tuna, amma babu takarda. A na biyun, da zazzaɓi a jikinta, ta sami 11. Ranar da aka raba sakamako ta tsaya a ƙofar ɗakin malamai har ya fito, ta ce, "Mushe, ina sha shidana?"